Dalilin da Ya Sa Ake Cewa "Mahaɗin Jatau"

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa a layin masu buga littattafai, in mutum ya cika baki alhali ba abin da zai iya, sai a ce masa "mahaɗin Jatau".

A da ba a faɗar haka. Jatau mutum ne da ake ji da shi a maɗaba'ar Alhaji Mamuda, don shi kaɗai ya iya manhajar tsara rubutu, mai jera lissafi a takarda tsaf. Baƙin allo yake buɗewa a kwamfuta ya riƙa buga umarni yana hura hanci. In aka tambaye shi abu, sai ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin kanku."

Manhajar tana zaune a wata babbar folda can ciki. Da umarni ɗaya Jatau ya kafa mata mahaɗai, wato 'yan ƙananan sunaye masu nuna inda take, don a kira ta daga ko'ina ta amsa.

Ran nan Malama Dije, shugabar wata makarantar 'yan mata, ta kawo tambayoyin jarrabawar lissafi, washegari za a rubuta. Sai kwamfuta ta ce wuri ya cika. Jatau ya duba, ya ga mahaɗan ko nauyin gashin kaza ba su kai ba, kuma sunayensu yake kira aiki ya tafi. Ga ƙatuwar folda ta hakimce.

Ya ce, "Alhaji, kun ga wannan? Zaman banza take yi. Ƙananan nan ke duk wahalar."

Alhaji ya ce, "Ka dai tabbata?"

"Haba Alhaji! Ni za a koya wa?"

Ya buga umarni, ya shafe ta ƙaƙaf. Ya kira manhaja, allo ya ce bai san ta ba. Ya nemi umarnin gyaran mahaɗai, ashe shi ma a foldar yake, sun tafi tare.

Malama Dije ta leƙo. "Malam Jatau, lafiya?"

"Lafiya lau, Malama. Mahaɗan duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba."

"To, su buga mini mana."

Jatau ya sake kiran manhaja, allo ya maimaita cewa bai san ta ba.

Ta ce, "Wato ka rushe gida, ka bar mu da allon da ke nuna hanyarsa."

Ta kwashe takardunta. Washegari da alli malamai suka rubuta tambayoyin aji-aji, ba ta kuma sake taka ƙofar maɗaba'ar ba. Alhaji ya ɗauke Jatau daga gaban kwamfuta ya mayar da shi yankan takarda, ya ce tun da shafe-shafe ya iya.

Shi ya sa har yau a layin nan, in wani ya fara kurin "ni ne, ni ne", sai ka ji an ce, "Ku bar mahaɗin Jatau. Ku kira shi aiki ku gani."