Bulala Daga Ragowar Salka

An ce wai a wani gari na bakin hanyar fatake an yi wani baduku mai suna Korau, wanda ɗinkin salkar ruwa ya gada, kuma da shi yake taƙama. Fata kuwa wurin Nomau majemi yake saye, ba ya ko juya ta ya duba, don yarda ta daɗe a tsakaninsu.

Wata shekara madugu Agali ya sayi sabuwar salka a rumfar Korau, ya yi arewa da ayarinsa. A tsakiyar daji, inda babu rijiya babu tafki, salka ta tsage, ruwa ya bi rairayi. Da ƙyar mutane suka tsira, wasu jakunan ma can aka baro su. Madugu ya komo ya kai ƙara wurin alƙali Malam Jibo, yana neman a bulale mai laifi, a kuma tashe shi daga kasuwa.

Korau ya ce ɗinkinsa lafiya lau, fata ce ta ci amana. Nomau ya ce fatarsa ta sha bagaruwa ta ƙoshi, ɗinki ne ya cuce ta. Salka kuwa ta ragargaje, ba ta iya ba da shaida. Korau kuwa, in aka tashe shi daga rumfar ubansa, ba shi da wata sana'a.

Alƙali ya sa aka kawo ragowar fatar da aka ɗinka salkar da ita, aka yanko tsiri guda mai laushi, aka rataye a rana. Sa'an nan ya ce, "Allah ne ya san mai laifi, ni ban sani ba. Fata ta haɗa ku, ita za ta raba ku. Gobe kowannenku zai sha bulala da wannan tsirin. Wanda bai so ba, ga tsumagiyar tsamiya. Amma yanzu za ku zaɓa."

Korau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, jemammiyar fata aka ce mini na saya, jemammiya kuwa ba ta fi zane zafi ba. Ita nake so."

Nomau ya dubi tsirin, ya dubi rana, ya share gumi. Ya ce, "Ni dai a ba ni tsumagiya, da ita na saba tun ina makarantar allo."

Alƙali ya ce, "Ashe? Tsumagiya ruɗu-ruɗu take bari a baya, kowa ya sani. Wa ke gudun laushi ya rungumi tsamiya, in ba wanda ya san abin da rana za ta tona ba? Fatar da ba ta jemu ba, in rana ta shanye man da aka shafa mata, ƙanwar dorina ce, tsaga jiki take yi. Kai ka sani, shi bai sani ba."

Kashegari aka sauko da tsirin ya ƙame ƙam kamar icce. Nomau ya amsa cewa sauri ya sa ya tsame fatar daga ruwan bagaruwa ba ta nuna ba, ya lulluɓe aibinta da man shanu. Aka ba shi tsumagiyar da ya zaɓa da bakinsa, ya bar kasuwa. Korau ya koma rumfarsa ba a taɓa lafiyarsa ba, amma daga ranar ba ya ɗinka fata sai ta wuni a rana.

Don haka masu hikima suka ce: kada ka jeme wa mutane fatar da bayanka ba zai iya ɗauka ba.