Kurege da Injin da Ke Cin Gyaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, wutar ta kama.

Ta zo mu ji ta, Baba.

To, a garin namun daji akwai wani fili mai faɗi a ƙofar gidan Zaki, inda ake kokawa duk shekara idan damina ta yi nisa. Fili ne shimfiɗaɗɗe, da ɗan gangare a gefe guda, da tsohuwar tsamiya inda Zaki ke shimfiɗa tabarmarsa. Irin filayen nan ne da muka taso muka tarar, waɗanda yanzu an yanyanka su an yi shaguna. Amma mu bar wannan.

Da lauje ake yanke ciyawar filin, har wata shekara Raƙumi ya dawo daga fatauci ya kawo wa Zaki tsaraba: injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa. Yana da tayoyi da sitiyari da kujera guda, da wuƙaƙe a ƙarƙashin cikinsa masu juyawa har ido ba ya ganinsu. Aka damƙa shi a hannun Jaki, domin Jaki ba ya gaggawa.

Kafin Jaki ya hau, sai ya taka filin duka da ƙafa, ya tsince duwatsu da ƙasusuwan da Kura ta zubar, domin wuƙar inji in ta samu dutse harba shi take yi kamar majajjawa. Ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ba ya zuba fetur sai inji ya huce. Gangare kuwa sama da ƙasa yake binsa, ba ya ratsa shi a karkace. In ciyawa ta cushe, sai ya kashe inji, ya zare makulli ya riƙe a baki, sannan ya tono ta da sanda. In ya gama aiki, ladansa buhun gyaɗa.

Shi kuwa Kurege, raminsa na nan a bakin filin, jifa guda daga tsamiya. Kowace shekara yana kallon buhun nan yana wucewa a bayan Jaki. Ya kalla, ya haɗiyi yawu. Ya kalla, ya haɗiyi yawu.

Ana gobe kokawa, sai bayan Jaki ya riƙe. Tsufa ne, ba ya sallama. Kurege ya ji labari, ya tafi dubiya.

"Sannu, Baba Jaki. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Da sauƙi ina, kana shimfiɗe kamar tabarma? Kawo makullin nan in rage maka aiki."

Jaki ya ɗaga kunne guda ya dube shi. "Kai ɗan nan, injin nan ya san in akwai wani a kansa. Akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujera. In nauyi ya danne shi, inji ya yi aiki. In nauyi ya tashi, ya mutu nan take. An yi shi ne don in ka faɗo kada ya bi ta kanka. Kai kuwa nauyinka bai kai na kunnena ba."

Kurege ya ce, "Ban da kai, Baba, wa ya san wannan?"

"Ba wanda ya taɓa tambaya."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Kurege, ya suri makulli.

Jaki ya ɗaga murya, "Ka fara tsince duwatsu!" Amma sai wutsiyar Kurege ya gani tana shan kwana.

Kurege ya je gindin tsamiya ya faɗi ya yi gaisuwa. Zaki na kishingiɗe, Kura na tsaye a bayansa. Kura ce ke riƙe da rumbun gyaɗar Zaki, kuma an ba ta wannan amana ne don ita ba ta cin gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, Baba Jaki ya wakilta ni."

"Kai?" in ji Zaki. "To, hau mu gani."

Kurege ya ɗare kujera, ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya mutu. Ya sake murɗawa. Inji ya yi tari, ya mutu. Sai Kurege ya sauko, ya kanga kunne a jikin tanki, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ranka ya daɗe, yunwa yake ji."

"Ba fetur yake sha ba?"

"Fetur ai ruwan sha ne. Wa ya taɓa aikin yini da ruwa kaɗai? Gyaɗa yake ci."

Kura ta ce, "Ƙarya ne."

"Inna Kura, shekara nawa ana ba Baba Jaki buhun gyaɗa? Kin taɓa ganin ya yi ƙiba?"

Kura ta yi tunani. Zaki ma ya yi tunani. Lalle Jaki bai taɓa yin ƙiba ba.

"To ta ina yake ci?" in ji Kura.

"Ta kujera. Kowa da inda Allah ya yi masa baki."

Aka kawo buhu, aka ɗora a kujera. Kurege ya haye saman buhu, ya murɗa makulli, inji ya tashi da ruri. Zaki ya gyaɗa kai, ya lumshe ido.

Kurege ya fara yanka. Amma da gangan ya bar wani zirin doguwar ciyawa tsakanin raminsa da tsamiya, ta zama masa labule. Duk sa'ad da ya zagayo bayan labulen nan, sai ya kwance bakin buhu ya zuba gyaɗa cikin rami. Ya zagayo, ya zuba. Ya zagayo, ya zuba.

Ku lura da wannan, domin nan kuskuren yake. Da cin gyaɗar ya yi, da nauyinta na nan a kan kujera, tunda abin da ke cikin ciki bai bar kujera ba. Amma Kurege ba na yau yake so ba, na baɗi yake tarawa. Buhu ya yi ta ramewa, ya yi ta ramewa, har inji ya yi tari, ya mutu a tsakiyar fili.

"Ranka ya daɗe, ya cinye."

"Har ya cinye?"

"Ciyawar bana ta yi kauri."

Aka kawo buhu na biyu. Ya zagayo, ya zuba. Ya zagayo, ya zuba. Rami ya cika, sai ya shiga tara ta a bakin rami yana lulluɓewa da yankakkiyar ciyawa. Rana ta karkata. Inji ya yi tari, ya mutu, ga kuwa sauran fili da yawa.

"Ranka ya daɗe..."

Kura ta tare shi. "Rumbu ya yi ƙasa. Abin da ya rage na baƙin gobe ne."

Zaki ya buɗe ido duka biyu. Bai ɗaga murya ba, Zaki ba ya bukatar haka. Ya ce, "Kurege, gobe 'yan kokawa za su zo daga nesa. In rana ta faɗi filin nan bai yanku ba, Kura za ta nemo mini gyaɗata. Za ta fara dubawa a cikin cikinka."

Kura ta lashe baki. "Da hankali zan duba, ranka ya daɗe. Lungu-lungu."

Kurege ya koma wurin inji. Maganin abin na nan kusa, yara: ya kwashe tarin da ke bakin rami, ya mayar cikin buhu, ya hau ya gama aikinsa, ya kwana da cikinsa a rufe. Ya je har bakin ramin. Ya ɗaga ciyawa, ya dubi gyaɗa. Gyaɗa ta dube shi. Ya mayar da ciyawa ya rufe.

Sai ya samo igiyar rama, ya danne kujera, ya zagaya igiya ta ƙarƙashi, ya ja iya ƙarfinsa har maɓallin nan ya dannu, ya ƙulle.

Kura ta ƙwala masa kira, "Me kake yi masa?"

"Ɗaure masa ciki nake yi, Inna. Haka talaka ke yi in babu abinci."

Ya murɗa makulli, inji ya tashi. Kurege ya miƙe ƙafa a kan kujera, ya kaɗa wutsiya, yana jin duk dajin babu mai wayonsa. Fili ya yi ta raguwa. Rana na saman tsamiya tukuna.

Yana cikin haka sai ya hango ciyawar da ke bakin raminsa tana motsi. Ya ƙura ido. Ɓera ne, ya cika kumatu, yana jan wata gyaɗar da baya da baya.

"Kai! Ɓarawo!"

Kurege ya yi tsalle ya dira ƙasa. Bai kashe inji ba, bai taka birki ba. Duk yinin nan ya saba in nauyi ya tashi inji ya mutu, ya manta cewa da hannunsa ya toshe wa inji kunne.

Ɓera ya arce cikin ciyawa. Kurege ya tsaya a kan tarinsa yana haki yana zagi. Sai ya ji ruri a bayansa. Ya waiwaya. Ga inji nan tafe, kujera ba kowa, gangare ya juya masa sitiyari ya miƙo shi sak. Da ƙyar Kurege ya wuntsila gefe, iskar wuƙaƙe ta kaɗa masa gashin wutsiya.

Inji ya hau tarin gyaɗa. Ratatatata! Wuƙaƙe suka kwashe ta suka watsa. Gyaɗa ta yi ta zuba a gindin tsamiya kamar ƙanƙara. Wata ta sami Zaki a hanci, wata ta shige kunnen Kura. Inji ya keta labulen ciyawa, ya nufi tabarma. Kura ta koma bayan Zaki. Zaki ya miƙe tsaye, ya duba hagu ya duba dama, domin bai taɓa gudu a gaban talakawansa ba kuma bai san yadda ake fara shi ba.

Kurege ya ga in inji ya taɓa Zaki, ba cikinsa kaɗai za a duba ba. Ya bi shi a guje, ya kama bayansa, ya ɗare, ya sa haƙori a igiya. Ya gurgura, ya gurgura. Igiya ta tsinke. Kujera ta ɗago da ƙarfi ta cilla shi sama, ya faɗo a gaban Zaki. Inji ya yi tari, ya mutu, da gefen tabarma a bakinsa.

Zaki ya cire ɓawon gyaɗa daga gemunsa, ya duba shi da kyau.

"Kurege. Mene ne wannan?"

Kurege ya dubi gyaɗar da ta cika ƙasa. Ya dubi haƙoran Kura.

"Amai ya yi, ranka ya daɗe. Ya ci da yawa, ni kuma na ɗaure masa ciki. Laifina ne, tausayi ya yi mini yawa."

"Ashe gyaɗar tana nan," in ji Zaki. "To, madalla. A tsince ta duka a mayar rumbu."

Sai ga 'yar murya daga cikin ciyawa. Ɓera ne. "Ranka ya daɗe, wani aman ya gangara cikin wani rami can."

Aka tone ramin, aka kwashe. Kurege da kansa ya riƙe bakin buhu.

Ana cikin haka Jaki ya iso yana ɗingishi, don ya ji ƙarar daga shimfiɗarsa kuma ya san ba ƙarar ciyawa ba ce. Bai gai da kowa ba sai da ya zare makulli ya riƙe a baki. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ga guntun igiya. Ya dubi igiya, ya dubi haƙoran Kurege.

Zaki ya ce, "Yauwa, Jaki. Gaya mini gaskiya. Injin nan yana cin gyaɗa?"

Kura ta matso kusa. Jaki ya ajiye makulli a ƙasa a hankali, ya taka shi da kofato. Kurege ya raɓa kusa da dogon kunnen nan ya yi raɗa.

"Baba, bayanka fa. Sunkuyon tsintar duwatsu ne ya riƙe shi. Ni zan riƙa tsincewa."

Jaki ya kau da kai.

"Da ƙasusuwan Inna Kura."

Jaki ya kaɗa kunne guda.

"Kullum, Baba. Har abada."

Jaki ya yi ajiyar zuciya. "Ranka ya daɗe, ni dai a hannuna bai taɓa irin wannan ciwon ba. Daga yau a hana shi gyaɗa. Kada kuma a sake ɗaure masa ciki."

Kura ta koma gefe ta zauna, ranta a ɓace.

Kurege ya bi sauran filin da ƙafa, ya tsince shi tas. Sannan aka kori kowa nesa, Jaki ya hau a hankali, ya gama yanka rana na taɓa ƙasa. Washegari aka yi kokawa, aka ba Jaki buhunsa, ya wuce da shi ta bakin ramin Kurege.

Jakin nan ya daɗe da mutuwa, injin ma tsatsa ta cinye shi. Amma ba wanda ya tuna ya sallami Kurege daga alkawarinsa. Shi ya sa har yau in kun gan shi a fili, sai ya ɗan ruga, ya tsaya, ya ɗauki wani abu ya jujjuya, sannan ya miƙe a kan ƙafa biyu ya waiwaya baya, ko wani abu na tafe ba kowa a kansa.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. Darasinta kuwa, yara: in za ku kori ɓarawo daga kan kayan da kuka sato, ku fara kashe inji.