Tsakuwa Ɗaya Daga Fakku

Ranar Talata ce, cikin damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka.

Akwai wani akawu a Tambuwal mai suna Abdulkarimu. Ya yi boko, hannunsa na da kyau a rubutu, kuma ya san haka. A shekarar da za a karɓi mulkin kai, malamai da 'yan kasuwar garin suka kafa kwamiti don a buga kwabon tunawa. Ba na kashewa ba ne, na ajiyewa ne a nuna wa jikoki. Abdulkarimu aka ba sakatare.

Cikin zanen da aka kawo don fuskar kwabon, biyu suka rage. Ɗaya damin gero ne. Ɗaya alƙalami ne a kan littafi, kuma Abdulkarimu ya zana shi da kansa. Da gardama ta yi tsawo, shugaban kwamitin, Malam Ɗangiwa, ya ce a bar wa jama'a. Aka zaga da zanen har ƙasar Kebbe, aka sa rana: kowane magidanci ya zo ya jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda yake so.

Ranar ita ce wannan Talatar.

Mutanen gari suka yi ta jefawa. Bayan la'asar sai ga tsoho Bube daga Fakku a kan jaki, kwanansa biyu a hanya. Yayan mahaifiyar Abdulkarimu ne, shi ya riƙe shi har aka kai shi makaranta.

Bube ya kwance bakin rawaninsa ya fito da tsakuwa guda. Ya ce aikin gona ya yi yawa, rafi kuma ya cika, mutane ba za su iya tasowa ba. Don haka suka yi yadda suka saba a kowane babban al'amari: magidanta tamanin da huɗu suka zauna bayan sallar Juma'a, suka tattauna har baki ya zo ɗaya, suka aiko dattijo guda.

Ya ce, "Gero munka zaɓa. Wagga tsakuwa ta gari duka ta."

Abdulkarimu ya san al'adar, a cikinta ya tashi. Amma ya riga ya leƙa ƙoren biyu, ya ga alƙalaminsa na gaba da ɗan kaɗan.

Ya ce, "Kawu, ƙa'ida ta ce mutum guda, tsakuwa guda."

Bube ya dube shi ya ce to ya kai maganar ga Malam Ɗangiwa, shi ya yanke. Abdulkarimu ya ce zai kai. Tsohon ya sha ruwa, ya juya da jakinsa.

Bai kai ba. Ya rubuta Fakku, ya sa ɗaya a gabanta. Alƙalami ya ci da ratar goma sha tara, aka karanta sakamakon a kasuwa gari bayan gari, aka kai wa maƙerin fari a Sakkwato ya zuba.

Bayan bikin, lokacin kaka, Abdulkarimu ya ɗauki rabon Fakku a jaka ya kai da kansa. Aka yi masa shimfiɗa, aka kawo fura, aka tambayi iyali. Da magidanta suka taru ya zazzage kwabban a kan tabarma, suna ƙyalli.

Babu wanda ya miƙa hannu.

Ya ce kyauta ce, kowa ya ɗauka. Wani tsoho mai suna Sambo ya yi 'yar dariya ya ce, "Ɗan boko, wa za ya ɗauka? Ai mu ba mu nan."

Bube ya sunkuya ya ɗauki guda. Ya ce, "Mutum ɗaya anka ƙidaya garinga, ga shi ya amshi nashi. Koma da saura."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma masussuka. Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya bi kawunsa har zaure yana ba da haƙuri. Ya ce a lokacin gani yake ƙauye ba su san abin da ya dace da sabon zamani ba. Bube ya ce gero ko alƙalami bai dame su ba, duk ƙarfe ne.

"Da baƙo na, da mun ce bai san mu ba. Kai ka san mu."

An riga an zuba kwabban, an raba a sauran garuruwa, babu abin da za a gyara.

Washegari da sassafe Abdulkarimu ya ɗaure jakar a bayan kekensa ya kama hanyar Tambuwal. Bai biya gidansa ba. Ya tsaya a ƙofar Malam Ɗangiwa, ya faɗa masa abin da ya yi a gaban mutanen da ke zaune, ya ce a nemi wani sakataren.

Darasi: In ka ce mutane su zaɓa, ka saurare su ta yadda suka saba magana. Kada ka fake da ƙa'ida don naka ya ci, za ka iya yin nasara ka rasa mutanenka. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar jin ta bakin jama'a.