Akuyar da Ta Ci Leda

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake can ƙarshen gari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuwa sun tafi birni neman abinci. Gida ya yi masa faɗi. Mai numfashi a gidan nan, daga shi sai wata jar akuya da matar ta bari.

Lokacin da matar take da rai, tana da ɗan lambu a bayan ɗaki, mai zogale da yakuwa da kuɓewa. Da su take miya. Ragowar ganye ta watsa wa akuyar, kashin akuyar kuma ya koma lambu ya zama taki. Ba abin da ake zubarwa.

Da ta rasu, sai mutumin ya ce a ransa, "Wa zan hura wa wuta? Ni kaɗai?" Sai ya daina girki. Kullum yakan je bakin kasuwa a ƙulla masa abinci a leda, yau taliya da mai, gobe awara, ga ruwan leda, ga lemon kwalba. Ya dawo ya zauna bakin ƙofa yana ci, yana yi wa akuyar hira kamar mutum.

Yakan ce mata, "Kin gani ko? Yau ma ba wanda ya leƙo mu."

Ita kuwa ta yi ɗan kukanta, shi ke nan ya sami amsa. In ya gama, sai ya cilla ledar ta kan danga, ta faɗa lambun. Kai, jama'a! Wurin da ake tsinkar zogale ya koma juji. Akuyar kuwa, da ta ji ɗanɗanon mai da gishiri a jikin leda, sai ta lashe, ta tauna, ta haɗiye. Mai gidan bai taɓa lura ba.

Shi kansa jiki ya fara ƙi masa. Ƙafafu suka kumbura, jiri yana ɗibarsa. A asibiti aka ce ya rage mai da gishiri, ya riƙa cin ganye. Ya ce to, ya biya ta kasuwa aka ƙulla masa na kullum.

Ana nan sai akuyar ta fara ramewa, ciki kuwa ya yi tim. Ta daina tuƙa. Ya kawo mata dusa, ta kau da kai. Ya jiƙa kanwa ya ɗura mata, a banza. Tsoro ya kama shi ƙwarai, gama in ta tafi, ba sauran mai amsa masa magana a gidan nan.

Ranar da ta kasa tashi, ya kira mahauci don kada ta mutu mushe. Mahaucin ya yanka ta, ya feɗe ta, ya tsaga tumbin, ya ciro wani baƙin dunƙule da ya kai girman ƙwarya.

Ya ce, "Baba, wannan ba ciwo ba ne, leda ce. Cikinta a cike, amma yunwa ce ta ƙarasa ta. Ina take zuwa kiwo?"

Mutumin ya ce, "Ba ta fita ko'ina. A gida take."

Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, sai ya gane ledojinsa ne.

Da yamma ya zauna bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna. Ya yi kuka sosai. Kashegari ya ɗauki fartanya ya shiga lambun, ya yi ta tono leda daga cikin ƙasa. A ƙarƙashin tarin ya iske kututturen zogalen matarsa ya fitar da ɗan toho. Ya zuba masa ruwa. Daga baya ya sake hura wuta, ƙafafunsa suka saɓe, amma akuyar ba ta dawo ba.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwana. Jikin nan da muke ciki na Allah ne, ƙasar da muke takawa ma tasa ce, amana ya ba mu. Mutumin nan ba mugu ba ne. Kaɗaici ne ya sa ya ce ba komi, ya cika cikinsa da abin da ba ya gina jiki, ya cika lambunsa da abin da ba ya ruɓewa. Abin da ka cilla bayan danga bai tafi ba. Yana nan yana jiran abin da ka fi ƙauna. Saboda haka ka dafa naka, ka shuka ko da zogale ɗaya ne, ka je kasuwa da kwanonka da kwandonka.

Kada kuwa mu ɗora wa tsohon nan laifin duka. Yana da maƙwabta, suna wucewa ta ƙofarsa kowace Lahadi, fes da su, za su sujada. Da mutum ɗaya ya shiga masa da kwanon tuwo ya zauna sun ci tare, da ba leda, da akuyar tana raye. A unguwarku akwai mai cin abinci shi kaɗai a bakin ƙofa. Kun san shi, kun san gidan. In an tashi yau, ku biya.