Tulun Tangaran da Ya Ƙi Zama

Akwai wani direba a Dubai mai suna Salmanu, mutumin Kano. Shekara tara yana tuƙa wani tsoho ɗan kasuwa ɗan China. Da tsohon zai koma gida a 2012, sai ya ba shi tulun tangaran mai zanen shuɗin fure, gadon kakansa tun zamanin sarakunan ƙasarsu, tare da ɗan mazauninsa na baƙin katako.

Da hutu ya zo zai tafi Kano, Salmanu ya ji tsoron barin tulun a ɗakinsu na Al Warsan, inda su shida ke kwana. Ya kai wa amininsa Idris, mai shagon tura kaya zuwa gida a unguwar Al Rigga, ajiya. Idris ya karɓi tulun, ya ce katako ba ya fashewa, Salmanu ya jefa mazaunin a akwatinsa kawai.

Bayan wata biyu Salmanu ya dawo, ya karɓo kayansa har da godiya. Yana ɗora tulun a kan mazaunin, sai ya karkace. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ƙi zama. Irin wannan mazauni kuwa daidai gindin tulu ɗaya ake sassaƙa shi.

Ya koma shagon, ya tarar da 'yan kasuwar Kano suna auna kaya, ya ɗora tulun a gabansu.

"Haba habibi, zafin Dubai ne ya lanƙwasa katakon," in ji Idris.

"Shekara ɗari bai lanƙwashe ba sai a wata biyu? Idris, kwano ɗaya muke ci da kai. Ina tuluna?"

Idris ya yi ta kame-kame, daga baya ya amsa cewa ya sayar wa wani dillali, ya sayo mai kama da shi a kasuwar 'yan China. Na gaskiyar ya daɗe da barin tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a kwantena. Ko haƙuri bai bayar ba, sai cewa ya yi ai tulu tulu ne.

Wata Hajiya Sabuwa ta sa aka sauke katan ɗinta daga sikeli, sauran ma suka bi sahu. Salmanu ya bar wa Idris jabun a kan kanta, ya fita.

Darasi: Wanda ya ci amanar ajiya dole ya nemo kayan ya mayar, kunya kaɗai ba ta wanke shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe kayan mutane a ƙasar waje.