Shirun Baba Ƙas a Shagon Taya

Akwai wani direba da kowa a layinsu ke kira Baba Ƙas. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa mutum ɗaya a mota ɗaya, wata tsohuwar mota ruwan toka da Maigidansa ya saya tun babban ɗansa yana rarrafe.

Sunan ya samo asali ne daga wata sifana mai awo da Maigida ya ba shi kyauta. Ana saita ta a kan lamba, idan noti ya kai ɗaurin da ake so sai ta yi ƙara, ƙas!

Baba ba ya yarda kowa ya ɗaure masa ƙafar mota. Noti biyar ne a kowace ƙafa. Ya ɗaure wannan, ya tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, duk a kan lamba tamanin da biyar, ba ƙari ba ragi. Yakan ce ƙusoshin ƙafar motar sirara ne kuma sun tsufa, in aka matse su fiye da kima sai su miƙe kamar cingam, wata rana su tsinke.

Da idon Maigida ya yi rauni, sai babban ɗansa ya karɓi ragamar gida. Mutum ne da ba ya amsa gaisuwa sai an haɗa masa da "Injiniya".

Wata safiya Injiniya yana sauri, ya tarar da Baba a tsugunne yana canza taya.

"Minti ashirin a kan ƙafa ɗaya? Tiyata kake mata?"

"Saura noti biyu, ranka ya daɗe."

"Tashi ka ba ni makullina. Mun gaji da ciyar da tsufa a gidan nan."

Bai tsaya nan ba. Da Baba ya saka sifanarsa a jaka zai fita, sai Injiniya ya sa mai gadi ya zazzage jakar a bakin ƙofa, maƙwabta suna kallo. Carbi, tsohuwar hula, maganin hawan jini, duk suka zube a ƙasa. Injiniya ya ɗauke sifanar ya ce, "Kun gani? Har kayan gida ake kwasa."

Baba ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar zuciyarsa ta ƙi sanyi. Yana cin abinci zai ajiye cokali ya ce, "Yaron da na goge wa majina! Yaron da ya yi mini fitsari a kujerar baya!" Abin da ya ƙara masa ciwo, Maigida bai ko aiko a tambaye shi ba.

Matarsa ta ce, "Malam, ka bar wa Allah mana. Ka dubi yadda ka rame."

"Na bar masa. Amma ina roƙon ya nuna mini da idona."

Wata huɗu yana zaman jiran ranar. Ya koma yini a benci a gaban shagon wani mai taya, yana kallon motoci suna wucewa.

Ranar wata Laraba da hantsi, sai ga tsohuwar motar ta tsaya a gaban shagon. Injiniya ne da kansa a ciki, tasa tana wajen gyara. Ya ce a zuba mata sababbin tayoyi huɗu. Ya ga Baba sarai, ya ɗauke kai.

Mai taya ya ɗaga mota, ya canza tayoyin. Da ya zo ɗauri, ya shafa wa ƙusoshin baƙin mai don su yi santsi, ya jawo bindigar iska, irin wadda yake ɗaure ƙafar manyan motoci da ita. Sai ya ɗan tsaya, ya waiwayo.

"Baba, kai ka san motar nan. A kan nawa ake ɗaure ta?"

Kafin Baba ya buɗe baki, Injiniya ya ce, "Kai malam, ni na kawo aiki ko shi? Matse ta da kyau, ina da wajen zuwa."

Mai taya bai sauke ido daga kan Baba ba. Kalma uku kawai ake bukata. Baba ya san ƙusa mai maiƙo tana shan matsi fiye da busasshiya. Ya san abin da bindigar nan za ta yi wa ƙarfen da ya shekara talatin.

Ya gyara zama, ya ce, "Ni me na sani? Ai ga Injiniya nan."

Bindiga ta hau ruri. A ƙafar gaba ta dama, Baba ya ji wata siririyar ƙara da kunnen da ya saba kaɗai ke ji, kukan ƙarfe yana miƙewa. Ya ji ta sau biyu. Wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya hango Injiniya a tsaye a tsakiyar titi cikin farar riga, mota ta durƙusa, jama'a suna masa dariya.

Ranar ya ci abinci har da neman ƙari.

Bayan kwana tara, mai gadin gidan ya zo wucewa a kan keke, ya taka birki a gaban benci.

"Baba, ka ji abin da ya faru? Ƙafar mota ta fita a kan gada! Injiniya ya karye a hannu, motar ta daki ƙarfen gefen titi."

Baba ya tafa hannu, ya ƙyalƙyale da dariya. "Allah mai iko! Ina injiniyancin? Da hannu ɗaya zai riƙa zazzage jakar mutane yanzu!"

Mai gadi bai yi dariya ba.

"Maigida yana ciki, Baba. Asibitin ido za a kai shi. Ƙugunsa ya karye, likita ya ce da wuya ya sake takawa."

Baba bai san lokacin da ya miƙe ba. Takalmi ɗaya ya bari a ƙarƙashin benci.

A asibiti ya sami Maigida a kwance, ya ƙanƙance a cikin farin zane. Injiniya na zaune a gefe, hannu a rataye a wuya. Maigida ya gane Baba tun daga sallama, ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Ƙas, kai ne? Suka ce mini ka gaji, ka ajiye aiki, ka ce kada a neme ka. Na ce ko sallama babu? Wallahi da kana nan da wannan bai same ni ba."

Baba ya dubi Injiniya. Injiniya ya sunkuyar da kai.

Ga damar da ya yi wata huɗu yana jira. Ya faɗi komai, korar da jakar da sunan ɓarawo, bai rage ko ɗaya ba. Maigida ya juya fuska wajen ɗansa ya ce, "Daga yau ka ajiye makullan gidana. Ƙaninka zai riƙe. Fita."

Injiniya ya fita yana share hawaye. Baba ya bi shi da kallo, yana jiran daɗin nan ya dawo. Bai dawo ba. Tsohon kuwa bai saki hannunsa ba, yana ta cewa, "Ka yafe mana, da kana nan..."

"Ina nan, Maigida."

"Na'am?"

"Ranar da aka ɗaure ƙafar, ina zaune a wurin. Mai taya ya tambaye ni lamba. Na sani, na ƙi faɗa. Na ji ƙusa tana kuka, na yi shiru."

Maigida ya ce, "Shi yaro ne, bai sani ba ya yi. Kai fa?"



Maigida ya yafe masa kafin a sallame shi daga asibiti, amma bai sake takawa ba. Motar ma ba ta gyaru ba, a bayan gida take a lulluɓe.

Yanzu kowace safiya mutanen layin suna ganin Baba Ƙas yana tura Maigida a keken marasa lafiya, daga ƙofar gida zuwa inuwar bakin titi. Ba wanda ya sa shi. Idan maƙwabta suka yaba masa da riƙon amana, sai ya kawar da kai ya ci gaba da turawa.

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda ya fi ka sanin aiki don kawai yana ƙarƙashinka. Kai kuma da aka zalunta, kada ka rama da ɓoye abin da ka san zai tsare rai, domin ba kai ke zaɓar wanda zai zauna a kujerar baya ba. Ku tura labarin nan ga direbobi da masu gyara da duk wanda kuka san yana riƙe da wani a zuciya, wataƙila ya sauke tun bai yi nadama ba.