Yadda Babban Yatsa Ya Rasa Gaɓa Ɗaya

Dalilin da ya sa babban yatsa ya fi 'yan'uwansa gajarta, ya kuma koma gefe shi kaɗai, abu ne da ya kamata kowane yaro mai hankali ya sani. Ku buɗe tafin hannunku ku duba. Sauran yatsu gaɓa uku-uku gare su, shi kuwa biyu. Ba haka aka fara ba.

A zamanin da, babban yatsa a jere yake da 'yan'uwansa, da gaɓoɓinsa uku cif, kuma tsawonsa ɗaya ne a hannun kowane baligi, mace ko namiji. Saboda haka mutanen wani gari na masu kafa amya suka mai da shi ma'auninsu. In an tatsi zuma, sai a zuba a tuluna a kai ɗakin ajiya. Mai gadin ɗakin ya ɗora hannu a bakin tulu ya saukar da babban yatsansa ciki. In kan yatsan ya taɓa zuma, tulu ya cika. Ranar da mai shi ya zo ɗauka, a sake gwadawa. Al'adar kuma ta hana kowa sa hannu a tulun ajiya in ba mai gadi ba, wanda aka kama da satar zuma kuwa korarsa ake yi daga garin.

Mai gadin a lokacin wani dattijo ne mai suna Nomau, mutum mai kamun kai da ƙarancin magana. Matarsa Tasalla ita ce ta fara lura da cewa wani abu na ɓoye a tare da shi. Kullum in ya dawo, babban yatsansa na dama a jiƙe yake, ya yi fari ya yamutse kamar na mai wanki. In ta shigo ɗaki ba sallama, sai ya yi wuf ya tura hannu cikin riga. Da hantsi kuma ya zagaya bayan rumbu ya daɗe.

Ana nan sai wanta Jatau, wanda yake da tuluna a ajiya, ya shigo gidan fuska a murtuke.

"Tasalla, zumata ta ragu. Mijinki ya gwada a gabana, yatsansa bai taɓa ba. Haka tulun maƙwabcina Barmo, haka na kowa."

"To, Yaya, me kake nufi?"

"Ni ban ce komai ba. Na dai ga mutumin naki yana lasar baki ko ba a ba shi komai ba. Jibi Sarkin Zuma zai zauna a kan maganar. Ki fara naɗe tabarmarki."

Tasalla ta rasa sukuni. Ta shinshina rigunan mijinta, ba ƙanshin zuma. Ta leƙa bayan rumbu ko ya binne wani ƙoƙo, ba ta ga ko tururuwa ba. Ta tambaye shi a fili, ya ce, "Ban sha zumar kowa ba," amma ya faɗa yana kallon ƙasa, hannunsa a hammata. Wannan ya ƙara mata zargi.

Sai ta yi dabara. Ta sassaƙo ɓawon maɗaci ta dafa har ruwan ya yi kauri, ta kwaɓa shi da man kaɗe. Da safe ta ce, "Maigida, hannunka ya yi kaushi, kawo in shafa maka." Ta murza masa sosai a babban yatsa. A ranta ta ce, in yana tsoma shi a tulu yana lasa, zumar za ta yi ɗaci, ta san matsayinta kafin gari ya sani.

Bai ko kai ɗakin ajiya ba. Ta bi shi a hankali zuwa bayan rumbu, ta tarar da shi a tsugune yana tofar da yawu, hawaye na zuba, yatsa na fitowa daga bakinsa.

"Maigida! Tsotso kake yi? Da furfurarka?"

"Rufa mini asiri, Tasalla. Tun ina goye nake yi. In raina ya ɓaci sai na yi, tun da aka fara zargin nan kuwa ba na iya ko ɗan lokaci ba tare da shi ba."

Ta kama hannun ta jera da nata. Yatsansa ya gaza nata da gaɓa guda. Tsotso ya cinye shi a hankali, kamar yadda ruwa ke cin sabulu.

"Ashe zuma ba ta ragu ba," in ji ta. "Ma'aunin ne ya ragu. Sai ka faɗa musu."

"Gara a kore ni da sunan ɓarawo. Ɓarawo ana tsoronsa. Mai tsotso fa?"

"Kai ka zaɓi wannan. Ni ba zan bar garin ubana saboda ɗan yatsa ba."

Ranar zama ta zo. Sarkin Zuma ya hakimce a ƙofar ɗakin ajiya, masu amya suka kewaye shi, aka fito da tulun Jatau. Nomau ya gwada, yatsa bai taɓa ba. Kafin a yanke hukunci Tasalla ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a yi mini izini in sa nawa yatsan sau ɗaya."

Aka yi ta gunaguni, amma Sarkin Zuma ya yarda. Ta saukar da yatsanta, ya fito da zuma a kansa. Nomau ya dubi matarsa, ya dubi jama'a, ya ga ba mafita, ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Jatau ya bushe da dariya har da riƙe ciki. "Suruki, ashe har yau ba a yaye ka ba! A samo masa zanen goyo!"

"Yaya," in ji Tasalla, "tun da kai yayayye ne, miƙo hannunka a gwada da naka."

Dariyar ta tsaya. Jatau ya tura hannu cikin aljihu ya ce ƙaya ta soke shi. Sai kowa ya soma satar kallon hannun na kusa da shi. Barmo ya naɗe nasa a bayansa. Wani ya tuna yana da uzuri a gona. Sarkin Zuma kansa, aka lura, tun da aka zauna bai fito da hannun dama daga cikin babbar riga ba. Ya yi gyaran murya ya ce an wanke Nomau, zai ci gaba da gadinsa, daga yau kuma da karan dawa za a riƙa awo. Sa'an nan ya ba da umarni a shafa maɗaci a babban yatsan kowa a garin, yaro da babba, don kada a san wanda ake nufi.

Aka yi ta shafawa har mutane suka daina tsotso. Amma babban yatsa bai yafe ba. Ɗacin ya sa ya takure, waɗanda ba su ragu ba ma suka ragu, ya ja jiki ya sauka gefen tafin hannu, nesa da 'yan'uwansa, don kada a ƙara jera shi da kowa a gane gajartarsa. Haka aka riƙa haifar 'ya'yansu da jikokinsu.

Shi ya sa har yau babban yatsa yake tsaye a gefe da gaɓa biyu, shi ya sa kuma iyaye mata suke shafa wa mai tsotso abu mai ɗaci. Wanda aka shafa wa a cikinku ya yi haƙuri ya daina tun yana ƙarami. Gaɓa biyu suka rage, ba kuwa wanda zai ara muku tasa.